Marfi Huɗu a Aljihun Hagu

Mai Zare ake ce masa, har matarsa in ya ba ta haushi haka take kiransa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana saitin ƙafafun mota a wani gareji mai ramin shiga ƙarƙashin mota guda ɗaya, tsakanin shagon mai faci da na mai walda. Da wankin mota ya fara, ya koma kanikanci, daga baya ya tsaya a kan saiti kaɗai. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: zare, ma'auni, sifana, sai ɗan dunƙulen dalma da yake ratayawa a gefen taya ya ga yadda ta karkata. Masu na'ura da suka buɗe shago a bakin titi suna masa dariya, amma motar da ta gagare su wurinsa take ƙarewa.

Matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan ce wanda ya kwance notin da ke riƙe da taya gabansa bai faɗi ba, bai san abin da yake taɓawa ba ne. Tsoron ne ya koya masa dabarar marfin kwalba. Kafin ya sauka rami yakan zuba marafe a aljihun hagu, ɗaya ga kowane notin da zai sassauta. In ya ɗaure noti, sai ya mayar da marfi ɗaya aljihun dama. Mota ba ta fita sai hagu ya zama wayam. Kuma in yana rami ba ya amsa gaisuwa, ko ta wace ce.

Ba abin da ke ƙona masa rai kamar yayin da samari suka ɗauko na sauke mota har cikinta ya kusa lasar ƙasa. In an sauke ta, tayoyin gaba sukan kwanta, samansu ya leƙa ciki, ƙasansu ya baje waje kamar ƙafar gwame. Sai gefen ciki na taya ya cinye cikin wata biyu alhali waje na nan sabo fil, sitiyari kuma ya riƙa fizga. Gyaransa sai an sassauta manyan notuna biyu da ke haɗa ƙafa da shokozoba an miƙar da tayar, sannan a taɓa na tayirod biyu, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, don bakin tayoyin ya kalli gaba sosai. Yakan yi aikin, amma sai mai motar ya sha faɗa tukuna.

Sai ga shi mijin autarsa ya sauke tasa. Yaro ne mai ladabi, ma'aikacin banki, aibinsa ɗaya son a kalle shi a titi. Ya kawo motar da safe, autar na gaba da 'yarsu mai shekara ɗaya da rabi, za su wuce gaida mahaifiyarsa, tafiyar awa huɗu. Wannan karon Mai Zare ya haɗiye faɗansa. Ya zuba marfi huɗu a aljihu ya sauka.

Yana dab da gamawa ya ji wata 'yar murya a bakin ramin ta ce, "Kaka." Ba ta taɓa faɗa ba sai ranar. Mutumin da ya sha ƙyale sallamar manyan mutane ya ajiye sifana, ya hau, ya ɗauki yarinya da hannun baƙin mai, yana cewa ta sake faɗa. Ta sake, aka yi dariya. Surukin ya tambaya ko an gama, shi kuwa ya ce an gama. Suka kama hanya.

Sai bayan kusan awa ɗaya, da ya sa hannu a aljihun hagu neman hankici, yatsansa ya taɓa marfi.

Ya zaro shi yana kallo. Ya zazzage aljihun dama, uku. Ya zauna a bakin ramin ya bi aikin a ransa tun daga farko, noti bayan noti, amma duk sanda ya zo kusa da ƙarshe sai muryar yarinyar ta shafe komai. In na tayirod ne, mota za ta yi ta ja gefe ta ba da sanarwa. In babban ne, ba sanarwa: ramin titi ɗaya a kan gudu, taya ta kwanta. Hanyar kuwa ya san ta, kwana ce bisa kwana, ga manyan motoci.

Ya kira surukin, wayar tana ta ringin ba a ɗauka. Ya san dalili, kiɗa ne ya cika motar. Ta autar ba ta shiga. Ya kira sau tara. Mai faci ne ya lura da fuskarsa, ya tambaya ko rasuwa aka yi. Da ya ji bayani sai ya tayar da babur, Mai Zare ya hau baya.

Mai Zare bai ga hanya ba, gefenta kawai yake kallo. Duk baƙin layin taya a kan kwalta sai ya bi shi da ido har ƙarshensa. A wata gangara suka hango mutane sun taru, sai ya damƙe kafaɗar mai faci har mutumin ya yi ƙara. Ashe buhuna ne suka zube daga tirela. Bai ji sauƙi ba, don gaba akwai wata gangarar.

Nan wayar ta yi ruri. Autar ce, tana dariya, wai ta ga kira rututu a wayar mijinta, ko ya yi kewar jikarsa ne tun yanzu.

"Auta, saurara," in ji shi. "Ki ce wa mijinki ya ɗaga ƙafa daga totur. Kada ya danna birki da ƙarfi, kada ya murɗa sitiyari. Ya gangara gefe a hankali."

"Baba, lafiya?"

"Akwai noti ɗaya da ban ɗaure ba."

Ya ji kiɗan ya mutu. Ya ji tana magana ƙasa-ƙasa. Ya manne wayar a kunne yana sauraron ƙarar injin na raguwa, yana jiran wata ƙarar da ba ya so ya ji. Can ta ce sun tsaya.

Sun same su a ƙarƙashin wata bishiya bayan fiye da awa ɗaya. Surukin ya fara cewa ai ba komai, motar lafiya lau take tafiya. Mai Zare bai kalle shi ba. Ya karɓi jak, don motar ta yi ƙasa da yawa mutum ba ya shiga, ya tokare ta da dutse, ya kwanta a kan tsakuwa ya miƙa hannu bayan tayar dama, ɓangaren da autar ke zama da yarinya a cinya. Babban notin ne. Da yatsu biyu ya juya shi. Saura zagaye uku ya fita.

Ya ɗaure shi, ya bi sauran ukun ya sake gwadawa. Aiki ya ƙare, amma ya kasa fitowa. Hawaye na gangara masa cikin kunne.

Autar ta durƙusa ta leƙo. "Baba, an gama?"

Ya juya fuskarsa wajen tayar, ya sake ɗora sifana a kan notin da ya riga ya ɗauru.

"Saura kaɗan," in ji shi.