Tukunya Biyu a Gidan Malam

Malam, mijina, ya ajiye aiki ne a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Bai kai shekarun ritaya ba. Idonsa ne ya yi yana, har ya zama sai ya manna takarda a hanci yake ganin rubutu, shi kuwa akawu ne. Rediyo a lokacin kullum cikin alkawari take, za a gyara wannan, za a ƙara wancan. Ni dai abin da na sani, kuɗin sallamarsa mun yi wa ɗakuna biyu sabon rufi da su saboda azara ta ruɓe, ragowar ya kai banki muna gutsura. Fansho kuwa kafin wata ya raba ya ƙare.

A lungunmu na Gwale ana ciyayya tun zamanin iyayensu. Da an idar da Magariba, magidanta sai su hallara a zauren wani dattijo marini, kowa da langar tuwon gidansa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ni ban taɓa leƙa zauren ba, amma na san duk abin da ake yi a ciki, domin Malam da shi yake kwana a baki. Langar gidanmu kuma ta yi suna. Gidan ma'aikaci ne, ba a taɓa buɗe ta an rasa tsoka ba.

Da aiki ya tafi, wannan zaman ne kaɗai ya rage masa. Yini yake a ɗaki da rediyo a kunne, ba ya magana, amma da la'asar ta yi sanyi sai ya nemi wankakkiyar riga. Na rantse a raina ba za a buɗe langarsa a ga karayarsa ba. Ina da taurin kai, kuma ban yi shawara da kowa ba.

Sai na koma ɗora tukunya biyu. Ƙarama ta zaure, da ɗan nama da man shanu. Babba tamu da yara, miyar kuka tsura, daddawa da gishiri. Malam ba ya shiga madafi, ba ya kuma cin na dare a cikin gida, don haka bai sani ba. Cefanen da yake bayarwa ba ya kai wa nama, shi kuma ya ɗauka iya sarrafawa ce irin tawa. Gaskiyar magana, kayan ɗakina nake sayarwa. Dillaliya za ta shigo da lulluɓi kamar mai zuwa gaisuwa, ta fita da samira ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Idonsa ba ya ganin giɓin da ke cikin kabad, kuma na ji kunyar yadda na yi murna da hakan.

Daga ƙarshe abin ya zo kan langarsa, babba mai zanen fure, wadda babu irinta a gidan. Ita ce ta rage mai daraja. Na sayar, na koma zuba masa a cikin fara irin tamu.

Ranar da abin ya faru, na jere langa biyu a bakin ɗaki na tayar da sallah. Yana dawowa daga masallaci ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya fita, kamar yadda ya saba. Ina sallamewa na ji yara suna shewa. Na leƙo na tarar sun buɗe tasu, ga nama a kwance. Ashe tamu ya ɗauka. Na kai har soro da niyyar bin sa, sai na tsaya. Mace ba ta shiga zauren maza ta ce a dawo mata da tuwo.

Bai jira Isha ba ya shigo. Ya ajiye langar, an cinye tas, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Wannan kuke ci?"

Na ce, "Malam, yau ne kawai aka samu akasi."

"Ki ji tsoron Allah. Tun yaushe?"

"Tun bayan Babbar Sallah."

Ya kalli yaran, ga maiƙo a hannunsu. Ya ce, "Ashe abincin bakin 'ya'yana nake fita da shi ina yi wa mutane burga." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce daga gobe tukunya ɗaya za a ɗora, abin da ya samu kowa ya ci.

Haka aka yi. Ya ci gaba da fita da miyar kuka, kansa a sama, har na fara cewa ashe tsorona na banza ne. Mutanen kirki ne, babu wanda ya ce masa uffan. Sai dai ya fara dawowa shiru. Wata rana na matsa masa, ya ce, "Marinin nan idan ya buɗe tasa, sai ya juya ta, wajen naman ya dawo gabana. Jiya sauran ma duk haka suka yi. Sun ɗauka ba na gani."

Na ce, "Ai zumunci ne, Malam. Kai ma ka ciyar da su shekara da shekaru."

Ya ce, "Na sani. Allah ya saka musu."

Washegari da ya dawo daga Magariba bai sunkuya wajen langa ba. Ya ce in shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Yara suka yi ta murna yau Baba zai ci da su, suna rigimar wa zai zauna kusa da shi. Daga nan inda muke ana jin dariyar maza a zauren, shi kuma yana ta loma a hankali yana tambayar yaran karatu. Na ce bari in duba wuta, na shiga madafi na zauna na yi kuka, domin na san ba zai sake zuwa zauren ba. Bai kuwa sake ba har Allah ya karɓi ransa.