Jan Zakaran Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, yaji take dakawa a Agege, masu tsire na saye. A jikin ledarta akwai jan zakara da ya ɗage ƙafa ɗaya. Mahaifina ne ya zana mata shi kafin ya rasu.

Ba a daɗe da komawar soja bariki ba, wani Alhaji mai shago kusa da mayanka ya buga wannan zakara a tasa ledar. Yajinsa kuwa, in ban yi masa ƙazafi ba, dusa ta fi yawa. Masu tsire suka fara dawo wa Gwaggo da kayan da ba nata ba, suna cewa hannunta ya lalace.

Lokacin ina sabon lauya a wani ofishi a tsibirin Legas. Aikinmu kare tambarin kamfanoni daga 'yan jabu. An ce a kasuwar Oshodi har rufe shago ake yi in an ji sunanmu, ko da yake ban gani da idona ba.

Na je wajen Alhaji, na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani a hankali.

"Lauya! An sha boko," in ji shi. "To zakara na ubanka ne? Ko kai ka ƙyanƙyashe shi?"

Mahautan da ke zaune suka tuntsire da dariya. Na tashi na tafi.

Na kai wa shugabarmu ledojin biyu. Bayarabiya ce, ba ta da yawan magana. Ta dube su, ta ce, "Kada ka ƙara yi masa zancen. A yi wa tambarin rajista tukuna, sannan a aiki baƙuwar fuska ta sayo nasa."

Haka ofishin yake aiki, shiru sai an gama shiri. Fiye da shekara ina wuce shagonsa in zan hau danfo, motar hayar Legas, ina gaishe shi, yana kirana ɗan mai zakara. Kullum ina fargabar lissafinmu ya kuskure. Bai kuskure ba. Da kotu ta ba da izinin kwashe kayan, shugabar ta tambaye ni yaushe shagonsa ya fi cika.

Na ce jajiberin Babbar Sallah.

Mai yiwuwa wata rana ma da ta wadatar, amma ita nake so. Ina tsaye aka loda buhunan a mota, mahautan nan na kallo.

Dattawan zango suka ce ba a kai ɗan'uwa kotu. Wataƙila da gaskiyarsu, sai dai ranar dariyar ban ji muryar kowa ba. Suka rako Alhaji gidan Gwaggo neman sulhu. Ba ta ajiye taɓaryar ba.

Na durƙusa kamar wancan karon, na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Zakaran na wa ne?"

Ya dubi turmin.

"Na mahaifinka ne, Allah ya ji ƙansa."

Na ce amin, sannan na roƙe shi ya ɗan ɗaga murya, don na waje ba su ji ba.