Albasar Kwaɗi Daga Fadamar Su Inna

Gyadi-Gyadi

Ana sallame asuba na fita da bokiti a hannu. Likita ya ce idon mahaifiyata, Inna, ba zai kai damina mai zuwa ba. Da muka tambaye ta abin da take son gani, na zata za ta ce Makka. Sai ta ce furen albasar kwaɗi, fari mai ratsin ja, na fadamar ƙauyensu. Ni tela ne a Tarauni, furen da na sani na jikin atamfa ne.

Bakwai saura motarmu ta tashi daga Unguwa Uku.

Bayan Wudil

Na sha shayi a bakin gada, na hau babur zuwa ƙauyen. Fadama duk ta koma shinkafa.

"A da shanu ke tattaka furen," in ji Kawu Sale, ƙanin Inna. "Yanzu garma ta cinye."

Muka yi ta kutsa taɓo har azahar, takalmina ɗaya ya zauna a can. A gindin wata bishiyar giyayya muka samu tushe uku. Kawu ya tono ɗaya da ƙasarsa, ya ce sauran na fadama ne.

Komowa

A shingen bincike jami'i ya leƙo motarmu, ya leƙa bokitin.

"Malam, maganin me ne?"

"Ba magani ba ne, kallo za a yi."

Ya gyaɗa kai, ya tsinki ganye ya sa a aljihu. Wata hajiya ta ce na basir ne, direba ya ce na farin jini. Ina musu suna ƙara yarda, kowa na miƙo hannu. Kafin Mariri ganye ya ƙare, saura fure ɗaya, na kife shi da hulata.

Gida

La'asar sakaliya na iso lafiya, godiya ga Allah, da Kawu, da hular. Inna ta fito haske ta kanga furen a ido.

"Jan na nan," ta ce. "Na da ya fi girma. Ina takalminka?"

Ba ta ajiye shi ba har magariba. Ni dai zuciyata ta karye, na yi kamar ina wanke ƙafa. Ta sa na dasa tushen a bakin rariya, inda ruwa ke kwanciya.

"Baɗi in ya fito," ta ce, "sai ka gaya min."