Ranar da Ango Ya Saki Igiya

Na halarci bukukuwa da yawa, wasu ko abincin da aka ci ba na tunawa, amma liyafar auren wani abokina da aka yi jan igiya, wannan kam ba ta barin kaina har in koma ga Allah.

Garinmu yana can ƙarshen kanal ɗin ruwan noman rani, wajen Kura. Garin su amarya kuwa yana sama, ta ɓangaren Bunkure, inda ruwan yake fara bi kafin ya iso mana. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da wannan yake nufi. In an sako ruwa su ne za su fara shayar da gonakinsu, mu kuma mu zauna muna kallon tumatir yana yaushi. Shekara da shekaru ana cacar baki a kan haka, har an taɓa ɗaga fartanya. To mahaifin amaryar shi ne babba a cikin masu kula da ƙofar ruwan garinsu, dattijo ne ƙaƙƙarfa wanda ba ya dariya sai da dalili. Da ƙyar ya ba ɗan garinmu 'yarsa, kuma a gaban waliyyai ya ce ranar da ya ga raini daga wajenmu, ranar yarinyar za ta koma ɗakin uwarta.

Mu abokan ango muka zauna shawarar abin da za a yi don mutane su ji daɗi. Wani ya ce a kira masu kalangu, wani ya ce a ɗauko mai sa kiɗa da lasifika. Sai wani abokinmu ya yi gyaran murya. Shi wannan 'yan watanni ya yi yana sayar da caja a Kano, amma tun da ya dawo yake mana kallon mutanen da ba su taɓa ganin kwalta ba.

"Duk wannan tsohon yayi ne," in ji shi. "Yanzu wasanni ake yi. A jera kujeru, a sa kiɗa, mutane su yi ta zagayawa, in an tsayar da kiɗan kowa ya nemi wurin zama."

Na ce, "Malam, liman za ka sa ya zaga kujera?"

Sai ya ce to a yi jan igiya, dangin ango a gefe, dangin amarya a gefe. Muka yi ta tafi kamar ya gano maganin tsutsar tumatir. Duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya tuna su wane ne dangin nan biyu.

Ranar liyafa, bayan la'asar, aka cika filin firamare. Mata na gefe guda suna kiɗan ƙwarya, amarya a tsakiyarsu ta ja mayafi. Aka sha zoɓo, aka ci shinkafa, komai lafiya. Sai ɗan birninmu ya karɓi lasifika, ya sa aka kawo igiyar da ake ɗaure kwandunan tumatir a kan mota. A bakin filin akwai wata 'yar magudana mai taɓo, ya ce ita ce iyaka, wai don abin ya fi armashi. Ango kuma, da farar shaddarsa, aka sa shi a gaba. Ni ne a bayansa.

Da wasa aka fara, ana ja ana dariya. Sai wani kawun ango ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ku ja, yau mu ne a sama!" Nan take dariya ta ɗauke. Na ga magidanta suna cire huluna suna tofa yawu a tafin hannu. Mutanen da suka zo cin shinkafa suka shiga layi, har da mai ciwon baya. Haushin rani goma ya sauka a kan igiyar nan, kuma mu muka fara rinjaye, muna janyo su taku bayan taku zuwa bakin taɓon.

Sai mahaifin amarya ya miƙe daga kujerarsa. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi, ya tako ya kama igiyar a gaban kowa. Ja ɗaya ya rage dattijon nan ya kifa a taɓo, a gaban 'yarsa da garuruwa biyu, kuma da hannun mijinta. Na so in yi magana, amma ihun mutanenmu ya rufe komai.

Shi ango duk wannan lokacin kansa a ƙasa yake, yana ta nishi. Da ya ɗago, sai suka yi ido huɗu da surukinsa. Bai yi shawara da kowa ba. Ya saki igiyar, ya zame takalmansa, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. An zo lafiya?"

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, domin ni na fara tafiya. Na bi ta kan ango, na bayana suka biyo ta kaina, muka zube a magudanar nan kamar buhunan albasa. Da na share idona, sai ga ango a cikin taɓo har ƙirji, amma yana nan a durƙushe, gaisuwarsa ba a amsa ba tukuna. Kiɗan ƙwarya ya tsaya. Kawun nan yana huci yana cewa yaron ya sayar da mu, samarin garin amarya kuma sun fara matsowa.

Dattijon ya dube shi, igiya a hannu. Sannan ya ce, "Lafiya lau. Ya hidima?" Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda mutanen garinsu suka rantse ba su taɓa ji ba. Ya shiga taɓon da ƙafarsa, ya ɗago ango, ya karɓi babbar rigarsa ya saka masa a kan shaddar da ta lalace. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku koma ku zauna. Yarinyata ta samu gida."

Ba zan yi ƙarya in ce rigimar ruwa ta ƙare ba, ko bana sai da aka yi ta. Ɗan birninmu kuma har yau cewa yake shi ya shirya komai. Amma auren yana nan, babbar 'yarsu ta kusa gama sakandare. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, kafin ka haɗa mutane wasa, ka fara sanin abin da ke tsakaninsu. Na kuma gane cewa duk ƙarfin da muka zuba a igiyar nan da ya ci, da ya kashe auren. Gaisuwa ɗaya a cikin taɓo ce ta riƙe shi.