Allurar Baba Mai Ɗinki

Shekara talatin Baba Mai Ɗinki ya yi a wani ɗan ɗaki bayan laburaren jami'armu, yana gyaran tsofaffin littattafan marubuta baƙar fata. Ɗakin kullum warin gam yake yi. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ka kuskura ka lanƙwasa gefen shafi a gabansa, ranar za ka ji muryarsa.

A lokacin ni ɗaliba ce a sashen da ke binciken littattafan nan, kuma da tallafin sashen nake karatu. Da asusu ya ƙafe, aka ce in ba a samu gudummawa ba, zangon nan ne na ƙarshe gare ni. Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Sai Farfesa, shugabar sashen, ta gayyato masu hannu da shuni, ta ce Baba ya ware littattafai goma da gara ta fi ci a baje wa baƙi, ko tausayi ya buɗe aljihu.

Baba ya ce to. Ranar taro aka yaye ƙyallen da ya rufe teburin, sai ga littattafai goma tsaf da sabon bango. Ashe mako uku ya yi yana ɗinke su.

Farfesa ta dafe kai. "Baba, ka kashe mu! Wa ke ba mai lafiya kuɗin magani?"

"Ranki ya daɗe, marubutan nan iyayenmu ne fa. Ba zan fito da su gaban baƙi a yage ba."

Wata dattijuwa cikin baƙin ta yi dariya, ta ce to ya nuna musu yadda yake aikin. Baba ya ɗauko allura. Sau uku zare yana kauce wa kafar. Ban san sanda na tashi na karɓa na zura masa ba. Tun bara nake yi masa haka kowace safiya kafin in shiga aji, ba wanda ya sani.

"'Yarka ce?" in ji dattijuwar.

"Idona ce, Hajiya. In ta tafi saboda rashin kuɗin karatu, ku rufe ɗakin kawai."

Dattijuwar ta daina dariya, ta jawo jakarta. Sauran suka bi bayanta.

Bana na kammala. Baba ne ya ɗinka mini kundin digirina. Ɗinkin ya ɗan karkace, kuma ban yarda kowa ya gyara ba.