Saniyar da Na Juya

Akwai wata Asabar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na kusa jawo wa Nafi'u asarar aikinsa saboda ƙahon saniya. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kuna jin ana ce mini Ɓarawon Buba, kuna dariya ba ku san mafari ba. To, ga yadda aka yi.

A lokacin shekarata tara ina jera shafuka a shagon ɗab'in Alhaji Tukur a nan Kazaure. Aikinmu katin biki ne da kalanda da takardun jarrabawa, sai Alhaji ya ce mu gwada littafin zane, irin wanda hotuna ke ba da labari, maganar mutane tana cikin 'yan da'irori a saman kansu. Ya ɗauko Nafi'u, wani matashi ɗan Gwiwa da ya tashi a gidan makiyaya, hannunsa kuma ya iya fensir. Labarin na wani makiyayi ne mai suna Buba da saniyarsa Tauraruwa. A fitowa ta ɗaya an sace ta, a ta biyu Buba ya bi sawu har bakin iyaka ya dawo da ita.

Ga yadda tsarin aikin yake, don waɗanda ba su sani ba. Nafi'u zai zana a takarda ba tare da rubutu ba. Ni zan shigar da zanen cikin kwamfuta, in sa maganganun, in jera shafuka. Daga nan a fitar da kwafi ɗaya na gwaji, mai zane ya duba ya sa hannu, sannan a kai inji. Wannan sa hannun shi ne na tsallake. Damina ce, Nafi'u ya tafi gida taya mahaifinsa noma na mako biyu, Alhaji kuma yana ta azalzalata a fitar da littafi. Na ce a raina, me zai gani wanda ban gani ba?

A shafin ƙarshe na fitowa ta biyu akwai babban hoton Buba yana jan saniyar zuwa gida. Nafi'u ya zana su suna fuskantar bakin takarda, kamar za su fice daga littafin. Mu kuwa masu jera shafi an koya mana cewa hoto ya kalli cikin littafi. Sai na danna maɓalli ɗaya, hoton ya juya, hagu ta koma dama. Tunda rubutun ni ke sawa daga baya, babu harafin da ya karkace balle ya tona ni. Na ma yaba wa kaina a ranar, na ce yaron nan yana da hannu amma bai san shafi ba.

Duk ƙarshen wata masu karatu kan taru a rumfar gaban shago su tattauna sabuwar fitowa. Jagoransu Malam Bitrus, tsohon malamin firamare ɗan asalin Filato, wanda ya fi ni daɗewa a Kazaure. Shi kwafi biyu yake saye, ɗaya na karatu, ɗaya ya sa a leda ya ajiye, ko matarsa ba ta taɓawa. Ranar Asabar ɗin nan sai ga baƙo daga Babura, Baffa Jaɓɓe, dillalin shanu, wanda ke ɗaukar mana littattafai yana rabawa a kara, wato kasuwar shanu. Ya sauka daga mota da ƙunshin littattafan da suka rage, ya dire su a gaban Alhaji ko gaisuwa bai gama ba.

Ya ce mutanensa sun ce ba za su ƙara karanta littafin da ya mayar da makiyayi ɓarawo ba. Alhaji ya tambaye shi a ina aka ce Buba ɓarawo ne. Baffa ya buɗe fitowa ta ɗaya da ta biyu ya jera su a kan benci.

"Alhaji, dubi nan. Tauraruwa ƙahonta na hagu ne ya karye, tsagar kunnenta ma a hagu take. Wannan da ya jawo gida fa? Duk a dama. Ba saniyarsa ba ce. Ta wani ya kamo."

Da ya faɗi haka sai na matso. Na leƙa ta bayan mutane, na ga abin ƙarara. Ni da na kalli hoton nan ya fi sau ashirin, saniya kawai nake gani mai ƙafa huɗu. Su kuwa a kara, in ji Baffa, kallo ɗaya wani dattijo ya yi mata ya ce ba ita ba ce, aka kuwa watse da maganar har cikin rugage.

Abin da ya dace in yi kun san shi. Abin da na yi kuwa, na koma gefe na jingina da ƙofa, don gardamar da ta tashi ta yi mini daɗi. Malam Bitrus ya ciro tabaransa na biyu ya ɗora a kan na farko, ya duba, ya ce wannan ai da gangan ne. A cewarsa manyan masu zane haka suke yi, su ɓoye wata alama don masu ido, sai a fitowa ta gaba asiri ya tonu. Rabin rumfar suka bi shi, rabi suka bi Baffa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na riƙa zuga shi. Na ce Malam, ko jelar ma ka duba? Ya duba jela, ya ce lallai ita ma ta karkata wani gefen. Ya fi minti goma yana bayani a kan jelar saniyar da ni na juya da yatsa ɗaya.

Ana cikin haka ɗan acaɓa ya sauke Nafi'u, daga Gwiwa kai tsaye, ko littafin bai gani ba tukuna. Ya durƙusa ya gaida manya, Alhaji ya miƙa masa shafin ba tare da ya amsa da kyau ba. Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma ba ya son a kunyata shagonsa a gaban jama'a. Ya ce ya ɗauke shi ne don ɗan gidan shanu ne, in har bai iya bambanta saniya da saniya ba, to a tsaya a fitowa ta biyu, kowa ya huta. Baffa ya ƙara masa da cewa ya san mahaifinsa, kuma abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne nasu ne ya zana. Dama ana jifansu da wannan zargin a bakin kasuwa, yanzu ga shi a littafi.

Nafi'u ya daɗe yana kallon shafin. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai. Ya gane, na kuma gane ya gane. Na girme shi da kusan shekara goma sha biyar, Yaya Habu yake ce mini, ba zai iya nuna ni da yatsa a gaban manya ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Alhaji, ni dai na san saniyata."

Nan dariyar ta fita daga kaina. Na ji kunya ƙwarai, irin wadda ban taɓa ji a wurin aiki ba. Yaro zai koma Gwiwa da sunan wanda ya zagi danginsa, don kawai kada ya kunyata ni. Ainihin zanen yana cikin durowata, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta raya mini in ce ya ɓata. Na shiga ciki na ɗauko shi, na ajiye kusa da littafin. Ƙaho karyayye a hagu, tsaga a hagu, yadda ya kamata.

Na yi bayanin maɓallin, na kuma faɗi cewa na tsallake sa hannu. Baffa ya sa na maimaita. Ya ce shekararsa arba'in a kara, ya ga an shafa wa saniya toka, ya ga an goge ƙaho, amma bai taɓa jin an sauya saniya daga zaune ba. Alhaji ya kalle ni ya ce za mu yi magana a ofis, kuma mun yi ta, ba sai na maimaita muku ba. Wanda ya fi kowa baƙin ciki Malam Bitrus ne, don bayanin jelarsa ya tashi a banza. Ya ce mini, "Habu, kana ji ina zuba, kana ƙara mini wuta?" Har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Sai dai gaskiyar tawa ba ta gyara komai ba, don littattafai sun riga sun shiga Babura da Roni da Gwiwa, ba mai bin rugage yana bayanin kwamfuta. Wani ya kawo shawarar a ce ɓarayin ne suka yaudari Buba da wata saniya. Baffa ya ƙi, ya ce wannan ya fi zagin farko muni, babu makiyayin da zai kasa gane tasa ko a cikin dubu. Sai Nafi'u ya ce ai Buba ya san ba tasa ba ce. Da ya isa bai sami Tauraruwa ba, sai ya kamo saniyar shi ɓarawon, don ya san dole ya biyo ta har gida, a kama shi a gaban jama'a. Baffa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce wannan kam Buba ne. Malam Bitrus ya ce ai abin da yake nufi ke nan tun farko.

Alhaji ya amince a yi fitowa ta uku. Nafi'u ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya zana ɓarawon yadda ya ga dama, kuma kada a taɓa masa ko layi. Alhaji ya ce an ba shi.

Bayan mako uku ya kawo zanen ya ajiye mini cikin ladabi. Na buɗe shafi na tara, inda ɓarawon ya lallaɓo bayan garke. Ga sanƙona, ga wushiryata, ga tumbin, har biron da nake maƙalawa a kunne bai bari ba. Na ɗago, yana tsaye hannu a baya, ya ce, "Yaya Habu, in bai kalli cikin littafi ba, a bar shi haka."

Da hannuna na shigar da fuskata cikin kwamfuta, na sa mata maganganun roƙon gafara, na fitar da kwafin gwaji na kai masa ya sa hannu. Littafin ya ƙare a kara cikin kwana biyu, muka sake bugawa. Labarin Buba ya kai fitowa goma sha ɗaya, kuma Nafi'u bai kashe ɓarawon ba, duk bayan fitowa biyu sai ya dawo da shi ya sha sanda.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu zama gaban kwamfuta yanzu, shi ne duk layin da mai zane ya ja yana da dalili, ko da ku ba ku san shi ba, kuma a cikin masu karatunmu akwai wanda ya san abin da aka zana fiye da duk wanda ke shagon nan. Kada takarda ta je inji ba sa hannun mai ita. Ni na tsallake sau ɗaya, ga shi shekara huɗu ke nan ban isa in ratsa karar Babura ba sai wani ya ce a riƙe igiya da kyau, ga mutumin nan ya shigo.