Buwai da Jar Sagararta

Buwai kakar kakata ce. An haife ta a wani ƙauyen Maguzawa da ke yamma da Ɗanbatta, aka aurar da ita ga wani manomi mai suna Shago, tun Turawa ba su zo ba. Gajera ce, mai kaushin hannu, kuma daddawarta ta yi suna a kasuwannin yankin. 'Ya'ya biyu ta haifa. Na farin, Maikano, mahara suka ɗauke shi yana kiwon awaki, ba a sake jin duriyarsa ba. Sai Larai ta rage mata, yarinyar da ko famfarar haƙori ba ta gama ba.

A bazarar shekarar da nake magana, ciwon kaji ya share mata akurki kaf. Ta ba da daddawa aka ba ta 'yan tsaki biyu, ja da baƙa. Ta raine su da tsaki da dusa, ta riƙa haƙo musu gara a bakin gona, har suka zama sagaru. Damina ta wuce, aka yi girbi, ƙwai shiru. Kullum da safe sai ta kama su ta sa yatsu a ƙugunsu ta ji ko ƙashi ya buɗe.

"Waɗannan 'yan matan naki fa, sai ci sai kashi," in ji Shago. "Ba ni jar nan in yanka wa Uwar Gona, iskar da ke tsare mana amfanin gona, ko kazar ta yi wani amfani."

"Maigida, taɓa ta ka gani. Dubi zankonta yadda ya yi jawur. Gobe ko jibi ne."

"Haka kika ce tun gero na fure."

"To kai da ka ce za ka gyara rumbu tun bara fa?"

Ranar da mahara suka dawo, hantsi ne. Maza na can masussuka. Buwai ta ji gudun dawakai da ihu, ta hango hayaƙi daga gidan maƙwabta. Ta fizgo Larai, ta cusa kajin nan biyu cikin zane, ta ɗauki laujen da take yi wa akuya yankan ciyawa, suka kutsa cikin tarin karan dawa da aka jingina a bayan gida.

Ta tsakanin kara take kallo. Ta ga an soke wani tsoho da mashi a ƙofar gidansa, an bar shi yana shure-shure. Ta ga an sare kan kare. Ta ga an ɗaure mata biyu da igiya a wuya, ana dukan ɗaya da gindin baka saboda ta ƙi sakin jaririnta. Aka cinna wa ɗakin Buwai wuta, zafin na dukan fuskarsu. Ta toshe bakin Larai da tafin hannu.

Sai ta ji jar kazar ta lafe a cinyarta, tana nishi. Abu mai ɗumi ya gangaro mata. Ƙwan fari ne, ƙarami, da ɗan jini a ɓawonsa. Buwai ta san abin da kaza ke yi in ta ajiye ƙwai. Ta kai hannu wuyanta, amma kafin ta murɗe, kyarkyara ɗaya ta riga ta fita. Ta murɗe wuyan har kan ya rabu, ta kama baƙar ita ma ta karya nata.

Wani mahari da ke ɗaure buhun gero ya ɗago kai.

"Kaza a cikin kara? Fito, 'yar albarka, tukunya na jira."

Ya zo yana dariya, ya caka mashi. Mashin ya shiga cinyar Buwai ya fasa ƙwan. Ta ciji leɓe, ba ta yi ƙara ba. Da ya zare ya ga jini ya fi na kaza, sai ya ture karan, ya ga ƙafar yarinya, ya damƙe ya fara ja. Larai ta tsandara kuka.

Buwai ta saki ɗiyarta, ta kamo gemun mutumin da hannun hagu, ta jawo shi ciki, ta kafa masa lauje a maƙogwaro ta ja kamar mai yankan ciyawa. Jini ya feshe su. Yana harbin ƙasa da ƙafa, ta haye ƙirjinsa ta danne bakinsa da gawar kaza har ya daina motsi. Ta jawo karan ta rufe su su uku. Ihu da rurin wuta sun hana 'yan uwansa jin komai. Sun kira sunansa, sun gaji, suka kora bayi da awaki suka yi arewa.

Da la'asar Shago ya same su, Buwai ta suma, Larai na maƙale a ƙirjinta. Mai magani ya cusa ganye a raunin, amma ƙafar ba ta sake miƙewa ba. Da sanda Buwai ta ƙarasa rayuwarta, tana kaɗa daddawa a zaune, 'yan mata na kai mata kasuwa. Ta ga auren Larai, ta yi mata wankan jegon jikoki bakwai, cikinsu har da kakata Rukayya, wadda ta ba ni wannan labari.